Galan ɗaya zuwa Doguwa

Admin: Wani bawan Allah daga cikinmu ne ya turo wannan, ya roƙi a sakaya sunansa. Ga shi yadda ya zo.

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure, masu mota da masu niyyar saye. Don Allah ku taimaka min da shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon zancen, ni ko gaisuwa na tsaya yi da mutum sai shayinsa ya huce. Sunayen da za ku gani ba na gaskiya ba ne, garuruwan dai su ne.

Bari in fara da abin da aka san ni da shi. Daga Kwanar Dangora har ƙasan Doguwa, in ka samu wanda ya haura shekara hamsin ka tambaye shi wace mota ce ta tashi daga Tudun Wada ta je Doguwa ta dawo da galan ɗaya, kafin ka rufe baki zai faɗi sunana. Wasu cewa suke ba shan mai take ba, shinshinawa take. Akwai wanda ya rantse a gabansa na buɗe murfin tanki, na nuna mata galan daga nesa, na rufe, ta kai ni Kano. Wannan ni na ƙirƙire shi da bakina, amma da ya zaga gari ya dawo kunnena da ƙari, ban ƙaryata ba. To jama'a, motar nan ba ta taɓa zuwa Doguwa da galan ɗaya ba, balle dawowa.

Zamanin soja ne, shekarun casa'in, lokacin da ake kwana da wuni a layin gidan mai a tashi ba a samu ba. Ina aikin malamin gona a Tudun Wada, ban daɗe da aure ba, na sayi wata 'yar guntuwar mota Beljiyam da aka shigo da ita ta Kwatano, mai ƙofa uku, ba ta da baya, kamar an sare ta da adda. A jikinta an rubuta TURBO da jan fenti. Wanda ya sayar min ya ce ƙaramin inji ne, ba ta san mai ba. Rabin gaskiya ya faɗa. In ka lallaba ta kamar kana ɗauke da ƙwai, tana da kunya. Amma da zarar ka taka totur ka ji turbon ya fara wannan fito nasa, to allurar geji za ka ga tana sauka a kan idonka. Ni kuwa don wannan fiton na saye ta. Kuma ban bar ta yadda ta zo ba, na sa mata faffaɗan tayoyi, na sa aka yanke salansa don a ji tahowata tun daga tasha, na ɗaura mata hon ɗin babbar mota. Duk abin da na ƙara mata, sai ta ƙara ci.

Na kai ta wurin Mamman bakanike ya rage mata sha. Ya cire mata wani abu a hanyar ruwa ya ce na ƙasar sanyi ne, ya haɗa fanka kai tsaye, ya canja mata jet na kafireto zuwa ƙarami. Ta koma tana tari a kan hanya, jakin da ke ɗauke da taki ma sai ya yi tunanin wuce ni. Muka mayar da jet ɗin da. A nan ne Mamman ya kawo shawarar da ta jawo komai, kuma shi da kyakkyawar niyya ya kawo ta. Lokacin ba a zuba wa kowa a jarka a gidan mai, sai a tankin mota. Ya ce a cire safaya taya, a yi waldar ƙaramin tanki a raminta, a ja tiyo, a sa ɗan famfo ƙarƙashin kujerar direba. In na samu mai in cika biyu. Muka rufe shi da katako, muka shimfiɗa kafet, muka ɗora manyan lasifika biyu a kai. Daga ni sai Mamman muka sani.

Muna da majalisa a gindin wata darbejiya kusa da tasha. Wata rana ana musun motoci, aka ce tawa mashaya ce, ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce galan ɗaya ya ishe ta Doguwa zuwa da dawowa. Aka yi dariya, aka ce a gwada, wanda ya faɗi ya sayi balangu. Aka zuƙe tankin da tiyo har ya bushe, aka zuba galan ɗaya a gaban kowa, aka ɗaure murfin da zare aka ɗiga masa kyandir. Aka haɗa ni da shaida, wani dattijon tela da ba a taɓa jin ya yi ƙarya ba. Muna shiga dajin Falgore na sunkuya kamar ina sosa ƙafa, na murɗa famfo. Muka je, muka ci abinci, muka dawo, kyandir na nan yadda yake. Tela ya fito yana salati. Sau uku aka yi gwajin nan da shaidu daban-daban. Man ɓoyen kuma ba na sayensa a garin, sai na je can Kwanar Dangora, don kada a lissafa ni. A raina wasa ne, ina cewa wata rana zan ɗaga lasifikan a gaban majalisa a sha dariya. Kullum sai in ga ranar ba ta yi ba, don labarin ya fi daɗi a haka.

Mutum biyu nake so ku riƙe. Haladu, aminina tun firamare, malamin makaranta ne, mutum mai shiru, shi ne mai dariyar barkwancina ko da bai yi daɗi ba. Iyayensa suna wani ƙauye gaba da Doguwa, ta hanyar daji. Sai Ado, ɗan kawunsa, wato ɗan wan mahaifiyarsa, tare suka tashi. Ado bumburutu yake yi, yana da teburin galan-galan a bakin tasha, kuma a lokacin da wasu ke gauraya fetur da kananzir shi an san mansa da kyau.

Da daminar shekarar kurkunu ya fito min a ƙafar dama, ba na iya taka ƙasa balle totur. Kawo ni ake a zaunar a tabarma a majalisa, motar tana gefe. Wata safiya da hantsi wani direban motar itace ya kawo wa Haladu saƙo daga gida, wai jikin Baba, mahaifinsa, ya yi tsanani, tun jiya sunansa yake kira. Babu motar haya ko ɗaya a tasha, duk suna layin mai a Kano. Haladu ya zo wurina da alli a hannunsa, ko wankewa bai yi ba. Ban bari ya roƙa ba, na jefa masa makulli. Babban tankin kusan a bushe yake. Ado galan ɗaya ya rage masa a tebur, ya juye masa, ya ce ya jira shi minti kaɗan ya hau keke ya ɗauko wani a gida, don hanyar da nisa. Majalisa cike take, duk waɗanda suka sha sayen balangu suna zaune. Haladu ya juyo ya dube ni.

Ƙaramin tankin a cike yake maƙil, ni na san haka. Abin da ya rage kawai in ce, Haladu zo, in raɗa masa a kunne. Ko in ce ya jira Ado. Na yi lissafi cikin sauri na ce ai zuwa kawai ne, in ya lallaba ta za ta kai shi kusa. Ban lissafa cewa wanda ubansa ke kiransa ba ya lallaba mota ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Wane irin wani galan? Wannan ma sai ka dawo min da canji."

Aka yi 'yar dariya. Ya shiga ya tafi, muna jin fiton turbo har ya ɓace.

A tsakiyar dajin Falgore ta tsaya. Ya buɗe gaba ya duba abin da bai sani ba, ya tura ta shi kaɗai, ya sake tayarwa har batir ya mutu. Ya bar ta wurin wani Bafulatani da ke kiwo a gefen hanya, ya kama tafiya da ƙafa. Sai bayan azahar wata motar hatsi ta tsince shi ta sauke shi Doguwa, daga nan ya sake takawa. Baba ya cika wajen la'asar. Mutanen gida sun jira abin da za su iya jira, ga zafi ga hadari ya haɗo, suka yi masa sutura. Haladu ya shiga ƙauyen ya haɗu da mutane suna dawowa daga maƙabarta da makara ba kowa a kai. Ƙanwarsa ta gaya masa har ƙarshe tsohon in ya ji motsi a zaure sai ya ce, shi ne?

Bayan kwana biyu Mamman ya goya ni a babur, ƙafata a naɗe, muka je. Bafulatanin yana nan, ya rufe mata gilas da ganye saboda rana. Mamman ya sa wani batir, ya miƙa hannu ƙarƙashin kujera ya murɗa, bugu biyu ta tashi. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Shi ya tuƙo mu zuwa gari, ya bar babur ɗin wurin Bafulatanin kafin ya dawo ɗauka.

Da aka yi sadakar bakwai Haladu ya dawo, ranar kasuwa ce. Bai je gida ba, teburin Ado ya nufa. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar har 'yan awo suka bar buhunansu suka zo kallo. Ya ce Ado gauraye ya zuba masa, ya sayar da ganawarsa da ubansa saboda ribar kwalbar kananzir. Ado ya yi rantsuwa har da hawaye, ya ce man lafiyarsa ƙalau, ƙarewa ya yi, shi ya sa ma ya ce a jira shi. Mutane suka ce ina, motar da aka gwada sau uku, tela ma shaida ne, ta yaya za ta ƙare a rabin zuwa? Aka juyo gare ni, ina jingine da sanda. Na ce ni dai motata ba ta taɓa yi min haka ba. Ku duba maganar nan da kyau, babu ƙarya a cikinta ko ɗaya, kuma ita ce mafi munin abin da na taɓa faɗa.

Daga ranar ba mai tsayawa a teburin Ado. Direbobi suka sa masa suna, ba zan maimaita shi ba. Kafin kaka ya tattara ya koma Bagauda wurin dangin matarsa, ya shiga sana'ar kifi, yana can har yau. Mahaifiyar Haladu, wadda take gwaggon Ado, ta yi ta ƙoƙarin haɗa su har ta rasu, a jana'izarta ɗaya yana wannan ƙarshen sahu ɗaya yana wancan. 'Ya'yansu ba su san juna ba. Ni kuwa na sa Mamman ya cire tankin, na sayar da motar ga wani mutumin Kiru, daga baya na ji ta zama kejin kaji. Mamman ya rasu shekarun baya, bai gaya wa kowa ba. Abin da zai ba ku mamaki, ban daina ba da labarin galan ɗaya ba. A wurin biki, a wurin suna, sai a ce Malam ba mu na motar nan. In bayar, har da ƙari. Wani lokaci Haladu na zaune, ya yi murmushi ya ce ai mota ce ta gaske, mugun mai ne ya cuce ta.

Na san za ku tambaya yaya nake ji. Gaskiyar ita ce ban sani ba. Kun san in mutum ya daɗe zaune a kan ƙafarsa, ya taɓa ta ya ji kamar ta wani ce? To haka wurin yake. Ba na kuka, ba na firgita. Ina tunawa da abin kamar labarin wani da na ji a mota. Wannan ɗin ma yana cikin abin da ya sa na rubuto, don ina ganin mai lafiya ba haka ya kamata ya ji ba.

Abin da ya tayar da zancen, bana Allah ya kira Haladu aikin hajji, kuɗin sallamarsa na ritaya ya biya da su. Kamar yadda aka saba, yana bi gida-gida yana sallama da neman yafiya. Ranar Talatar da ta wuce ya zo wurina bayan la'asar, muka zauna a zaure. Ya ce in yafe masa duk abin da ya taɓa yi min, har da yasar min da mota da ya yi a daji kwana biyu, wai abin yana ransa. Na ce babu komai. Ya ce shi ma ya yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata masa, ban da mutum ɗaya, ya yi ta fama da zuciyarsa ta ƙi, zai je gaban Ɗakin Allah da wannan a wuyansa, Allah ya san dalili.

Ban shirya ba, sai ji na yi ina magana. Na gaya masa komai, ramin safaya taya, tiyo, famfo, sosa ƙafa a Falgore, man Kwanar Dangora. Na ce ranar da kake tafiya a ƙasa, mai yana cikin motar a cike, hannunka kawai za ka miƙa ƙarƙashin kujera. Ya kalle ni. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Jama'a, dariya Haladu ya yi, har yana share ido da hannun riga.

"Kai dai ba za ka girma ba," in ji shi. "Tanki a ƙarƙashin lasifika. Na san don ka wanke Ado ka haɗa wannan, Allah ya ba ka ladan niyya. Amma bar shi kawai, mutumina."

Na ce wallahi da gaske nake. Ya ce ai haka na ce ranar da na ba su labarin kifin Bagauda da ya ja kwalekwale har Tiga. Ya tashi ya sa takalmi, yana fita yana maimaita "famfo" yana girgiza kai. Shekara talatin ina tsoron ranar da zan faɗa, ban taɓa kawo wa raina cewa zan faɗa a ƙi karɓa ba.

Yanzu ga inda nake. Ba ni da shaida, Mamman ya tafi, motar ta tafi. Hanya ɗaya ta rage da na san Haladu zai yarda, in kira shi gaban limamin unguwarmu da sauran 'yan majalisar da suka rage, in yi alwala in dafa Alƙur'ani. Duk shirmena ya san ban taɓa wasa da wannan ba. Amma in ya yarda, ku duba abin da zan ɗora masa saura kwana tara a kira su sansanin alhazai. Zai san da ya ga ubansa da rai. Zai san ya zalunci ɗan'uwansa shekara talatin a kan abin da bai yi ba. Zai san wanda ya yi ɗin shi ne yake zaune kusa da shi a kowane biki yana ba shi dariya. Ga shi da hawan jini. In kuma na ce in bari sai ya dawo, wa ya ba ni tabbacin zai dawo, ko zai tarar da ni, ko zai tarar da Ado? Kuma zai je ya tsaya a Arfa yana riƙe da mutumin da ba shi da laifi.

Abotar ba na sa ta a lissafi, na san ta tafi duk ranar da ya yarda. Tambayata ita ce, in rantse masa yanzu kafin ya tashi, ko in bar shi ya yi ibadarsa da zuciya ɗaya? In yanzu ne, a gaban mutane kamar yadda aka tozarta Ado a gaban mutane, ko mu uku, ni da shi da Ado, a gaban liman ya isa? Malaman da ke cikin zauren nan, da waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, don Allah ku gaya min. Masu zagi ma ku zaga, ba zan ce admin ya goge ba.

Abu ɗaya ya rage ban faɗa ba. Shekaranjiya na je Bagauda. Na sami Ado a rumfarsa a bakin titi yana kankare ɓawon karfasa, gashinsa ya yi fari fat, ido ɗaya ya fara yana. Ya gane ni, ya ba ni benci. Na gaya masa duk abin da na gaya wa Haladu. Shi bai yi dariya ba, bai kuma daina kankarar kifinsa ba. Ya ce dama ya san man ƙarewa ya yi, yadda aka yi ne bai sani ba, yanzu ya sani. Na jira ya zage ni ko ya kore ni, bai yi ko ɗaya ba. Na tambaye shi me yake so in yi, ya ce shi ba ya son komai, wadda yake so ta ji ta riga ta mutu, yana nufin gwaggonsa. Sai na shiga yi masa bayani, na ce Ado ka yafe ni, wallahi shekara talatin ina ɗauke da kayan nan a kaina, ko dutsen Riruwai bai kai shi nauyi ba.

Ya ɗago ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya tsaya a kan cikina, sannan ya mayar da kai kan kifinsa.

"To ai kayan ya karɓe ka, Malam," ya ce. "Ka yi ƙiba."